Ranar da Na Kushe Flat da Yaren Czech

Ba zan taɓa mantawa da zuwana ganin wani flat, wato gidan haya, a unguwar Barking ba, ko da na so in manta. Amaryata na gab da tahowa daga Kano, ni kuwa ina raɓe a ɗakin abokina a Stratford. Sai ga gida kamar don mu aka gina shi, kusa da tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, rana har tsakiyar falo. Wayyo daɗi! A hoto kaɗai na riga na tare.

Da na ji mai gidan dattijuwa ce 'yar ƙasar Czech, sai jinin kasuwa ya motsa (a shagon babana na tashi, kar ku ga laifina). A wurinmu in kaya ya shiga ranka kushe shi kake yi, mai kaya ya yi dariya ya rage maka. Na tare Pavel, abokin aikina ɗan ƙasarsu, na ce ya koya mini yadda suke cewa drawback da defect, wato naƙasu da aibi.

"Nevýhoda, sai vada," in ji shi. "Me za ka yi da su?"

Na ce ya zuba ido kawai. Har cikin jirgi ina bita kamar mai hadda.

Matar ta tarbe ni da shayi, har tana yi mini murnar aure. Ni kuwa na turɓune fuska, na nuna taga: "Nevýhoda!" Jin yarenta a bakina ya sa ta murmushi. Na ce a raina, shi ke nan, ta shigo hannu! Na nuna matakala, ita ma nevýhoda. Na faɗa kicin, na ƙwanƙwasa kabad, na girgiza kai: "Vada, Mama, vada!"

Murmushin ya ɗauke ɗif. Ta shafa kabad ɗin, ta ce marigayi mijinta ne ya haɗa shi da hannunsa. Ni kuwa ina tsaye ina jiran ragi (eh, har lokacin ban farga ba). Sai ta karɓe kofin daga hannuna, ta buɗe ƙofa.

"Gida mai aibi haka," in ji ta, "ba zan so amaryarka ta wahala a ciki ba."

Innalillahi! Kunya kamar in nutse. Na yi rantsuwa da Turanci, na koma Hausa, ƙofa dai ta rufe. Amarya a gidan gwaggona ta sauka a Deptford, ni ina zuwa gaisuwa kamar saurayi.

Yanzu in zan koyi yaren mutane, da "ya yi kyau" nake farawa.