Usur ɗin Malam Jinƙai

Idan ana maganar tausayi a makarantar firamaren nan, to kowa ya ja da baya ya ba mataimakin hedimasta wuri. Malamai na kiransa Malam Jinƙai a bayan idonsa. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, ya sa aka rubuta masa shi a ƙofar ofis.

Mutum ne mai taushin zuciya. Idan maigadi ya gaishe shi, da hanci yake amsawa, don kada ya wahalar da tsoho da doguwar gaisuwa. Idan mai shara ta tara shararta, sai ya bi ta kai da takalmi, don kada aiki ya ƙare mata ta zauna cikin kaɗaici.

Ana nan sai hedimasta ya kusa ritaya, aka ce wata jami'a za ta zo daga ofishin ilimi ta ga wanda ya dace da kujerar tsakanin mataimakansa biyu. Malam Jinƙai kuwa kujerar nan ta daɗe tana hana shi sukuni, har ya gwada zama a kanta ranar da mai ita ya je asibiti. Nan take ya tara yara a fili, ya rataya usur a wuya.

"Kirki ba wasan yara ba ne," in ji shi. "Ba a taimako haka kawai kamar an saki awaki. Taimako yana da tsari, tsarin kuma ni ne."

Ga yadda tsarin yake. An zaɓi wani yaro ɗan aji uku da ake kira Gajere, saboda ya iya faɗuwa da kyau. Gajere zai faɗi, Malam ya busa usur, sannan yara su ruga su ɗaga shi, su kakkaɓe masa riga, su haɗa baki su ce, "Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba." Kullum sai an maimaita, har gwiwoyin Gajere suka saluɓe.

Wata rana wata yarinya ta ga ƙawarta ta yi tuntuɓe na gaske, ta ruga ta ɗaga ta ba tare da usur ba. Malam ya sa ta durƙusa a rana.

"Wa ya ba ki izinin tausayi?" ya tambaye ta.

Wannan kam ba abin dariya ba ne. Yarinyar ta sha kuka har aka tashi, sauran yara kuma suka ɗauki darasi.

Ranar da jami'a ta zo, Malam ya sha turare har ƙudaje suka ƙaurace wa filin. Yara sun jeru, hannu a baya, Gajere na tsakiya yana jiran lokacin faɗuwarsa. Malam ya shiga gaban baƙuwa yana tafiya da baya da baya, wai girmamawa ta hana shi juya mata ƙeya.

"Ranki ya daɗe, yaran nan da na same su, ko sannu ba su sani ba. Ni na zuba musu jinƙai da hannuna. Yanzu ko tururuwa ce ta..."

Bai ƙarasa ba ya afka kwatar da ke bayan famfo. Ƙafafu a sama, igiyar usur ta tsinke, usur ya yi tsalle ya faɗi gaban jami'a.

Ba yaron da ya motsa. Suna tsaye cikin ladabi, suna kallon malaminsu yana wutsil-wutsil a cikin caɓi.

"Ku zo mana, 'yan banza," ya ce a shaƙe.

Jami'a ta dubi yaran cikin mamaki. "Yara, ba za ku taimaki malaminku ba?"

"Ba a busa ba, Malama," in ji wata daga layin gaba.

Jami'a ta sunkuya ta ɗauki usur, ta goge shi da gefen mayafinta, ta busa.

Yara suka zabura gaba ɗaya. Suka tsallake kwatar da Malam ke ciki, suka rufe Gajere da ke tsaye lafiyarsa ƙalau, suka ɗaga shi sama suna kakkaɓe masa riga.

"Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba."

Jami'a ta leƙa cikin kwata, ta saka masa usur a aljihun gaba.

"Malam, na ga tsarin," ta ce. "Ina ofishin ɗayan mataimakin?"