Rasuwar Gwaggo, Wadda Aka Ce Ya Mutu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da har yau bai daina ɗaci ba, Tabita tela ta layin teloli a nan Kontagora, 'yar asalin Tungan Magajiya, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da waɗanda a da ake zaton abokan arziki ne, rasuwar wayarta, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, tana tsakar aiki, bayan doguwar jinyar da ta sha a tsaye ba ta taɓa kwanciya ba. Don kada hankalin jama'a ya tashi, ba Gwaggo mai kunun bakin tasha ake nufi ba. Ita tana nan garau, jiya ma an gan ta tana faɗa da ɗan acaba.

Marigayiyar ba a sabuwa ta shigo hannun Tabita ba. Ta hannu ce, ta riga ta ga duniya, ta zo da tsaga a gilashinta da tabo a ƙeya. Tana da nauyin jiki. In an taɓa ta sai ta yi nazari tukuna, ta yi gyaran murya, sannan ta buɗe abin da aka ce ta buɗe, kuma daga nan sunan Gwaggo ya samo asali. Amma ba ta da ƙyashi, ba ta da tsegumi, ba ta taɓa kai maganar wani wurin wani ba sai an danna ta. A shekarunta na ƙarshe da robar ɗaure kuɗi ake riƙe bayanta, ba ta taɓa cewa an ci mata mutunci ba.

Lokacin da Tabita ta zo garin nan, ba ta san kowa ba sai mai gidan haya da keken ɗinki. Tana tashi daga shago sai ɗaki, daga ɗaki sai coci, a gaisa a bakin ƙofa kowa ya kama gabansa. Gwaggo ce ta nemo mata mutane. Ita ta shigar da ita wasan nan na intanet da mutum zai ɗauki jarumi ya raine shi, ya haɗu da wasu su zama ƙungiya, su shiga daji da kogo suna yaƙar dodanni, kowa a garinsu amma ana jin muryar juna a kunne. A can ta haɗu da mutum uku. Akwai Abdulwasiu mai sayar da kayan babur, shi ne shugaba, shi ke da takobi da yawan magana. Akwai Jumare na Bobi mai garkuwa, wanda sai ya hau tudu ya bar shanu a ƙasa kafin ya sami sabis. Akwai Mu'minat 'yar kwaleji, mai baka da kibiya. Suka raɗa wa ƙungiyarsu Hannu Da Yawa, wai don maganin ƙazamar miya.

Tabita ta ɗauki aikin da kowa ke gudu, aikin mai magani. Jarumarta, Alheri, ba ta sara, ba ta harbi, ba a yi mata tafi. Tsayuwa take a baya tana ɗinke raunin mutane, wanda ya faɗi ta tashe shi. Duk sa'ad da ta tayar da wani, sai Gwaggo ta yi wani ɗan kuka mai daɗi, ƙililin, kamar cokali ya taɓa kofin gilashi. Shekara da shekaru wannan kukan bai yanke a shagon ba. Maƙwabta sun haddace muryoyin da ke fita daga bakin marigayiyar: "Anti Tabita, na faɗi, tashe ni!" Wannan Mu'minat ce. "Yaya, ki ji tsoron Allah, jinina ya ƙare!" Wannan Jumare. "Madam, ina kike? Madam!" Wannan Oga Abdulwasiu ke nan, wanda ya fi kowa faɗuwa, ya kuma fi kowa mantawa.

Zumuncin bai tsaya a kogo ba, a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Ba a shiga wasa sai masu salla sun idar, ba a shiga sai Tabita ta taso daga koyon waƙar coci. Da Kirsimeti Jumare ya aiko mata da man shanu a motar kasuwa. Da ƙaramar salla ita ta ɗinka wa Mu'minat kayanta, ta ƙi karɓar ko sisi, ta ce 'yar uwa ba ta biyan 'yar uwa. Ta ɗauke su dangi da zuciya ɗaya, har in an tambaye ta a gida ko tana da kowa a Kontagora, takan ce tana da mutum uku.

Akwai abin da ya wajaba a bayyana a nan, don shi ne tushen maganar. Harshen da Tabita ta sha a nono bai raba wa kaya maza da mata ba. Hausa a kasuwa ta tsince ta, saboda haka "ya" da "ta" duk ɗaya ne a bakinta, wanda ya riga zuwa shi take ɗauka. Sau nawa ta ce "Mu'minat ya faɗi"? Ba wanda ya taɓa tsayawa neman wani ƙato mai suna Mu'minat. Gudu suke su kare ta. To wa ma zai yi wa wani dariya? Oga Abdulwasiu da bakinsa yake cewa matarsa ya dafa shinkafa. Jumare in ya ji wuta, Hausar guduwa take ta bar shi da Fulatanci. Cikin su huɗun nan babu wanda kakarsa ta yi masa tatsuniya da Hausa. Hausar kowa da tabonta, kuma da ita aka yi ta cin yaƙi.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Batir ya kumbura, cikinta ya ɗaga, ta riƙa yin zazzaɓin da sai an kwantar da ita a gindin tulu take sauka. Ɗanmalam mai gyaran waya ya duba ta, ya girgiza kai, ya ba da shawarar a rage mata aiki. Tabita ta gaya wa ƙungiya. Oga ya ce a daure a wuce Bikin Kaka tukuna, bayan nan Gwaggo ta huta. Bikin Kaka kuwa shi ne babban taron wasan, sau ɗaya a shekara. Ƙungiyoyi daga ko'ina suke shiga kogon babban dodo, wadda ta fara kashe shi ta taɓa akwatin da yake gadi, a rubuta sunanta a ƙofar birnin wasan har shekara ta zagayo. Tun shuka suke shiri. Tabita ta maida ɗinkin mutane baya, ta sha zagin masu kaya, duk don kada a ce ita ta karya Hannu Da Yawa.

Ga yadda aka tsara. In dodon ya ji jiki, hayaƙi yake fesawa, na gaba su makance, ba mai ganin komai sai mai magani da ke kan dutse a baya. Don haka aka yi alkawari: ita ce idonsu. Kowa ya riƙe makaminsa har sai ta ce dodo ya mutu, sannan a zubar da garkuwa a ruga wurin akwati.

Ranar Asabar ɗin Gwaggo ta tashi da zafin jiki, amma ta shiga kogon ba musu. Ta yi aikin da ba ta taɓa yi ba. Ta tayar da Oga, ta tayar da Jumare, ta koma ta sake tayar da Oga, ƙililin, ƙililin, har tafin hannun Tabita ya yi ja don zafi. Ba su taɓa kaiwa nan ba. Dodo ya durƙusa, ya fesa hayaƙi, sauransa ƙiris. A daidai nan fuskar Gwaggo ta yi fari fat, ta yi wani layi kore, ta yi baƙi ƙirin. Ido ya tafi, amma kunne da baki suna nan da sauran numfashi. Tabita ta girgiza ta, ta hura mata iska, ta buga ta a cinya, sannan ta ƙwalla ihun da duk mai rai zai yi in nasa ya tafi a hannunsa. Ta ce ya mutu, ya mutu.

Wayyo. Wayar take nufi.

Waɗannan su ne sautukan ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiya, kuma Tabita za ta shiga kabari da su. Aka ji Jumare yana kabbara daga kan tudunsa. Aka ji Mu'minat tana guɗa. Aka ji Oga yana cewa, "Ku zubar, ku zubar, akwati!" Tabita tana ihu ba shi ba, ba shi ba, amma ina, murna ta toshe kunnuwa. Sai gurnanin dodo. Sai "Anti, na faɗi!" Sai "Yaya, tashe ni mana!" Tana jin su, yatsanta yana danna baƙin gilashi daidai inda maganin yake zama, ba ƙililin. Sai muryar Oga, a sanyaye: "Wace irin Hausa ce wannan?" Daga nan Gwaggo ta yi ɗan ƙara, ƙit, ta cika.

Mutuwa rigar kowa ce, wannan Tabita ta sani, ba ta ja da hukuncin Allah. Abin da ya biyo baya shi ne ya ƙi wuce mata a wuya. Washegari bayan coci ta ari wayar Rhoda maƙwabciyarta, ta sa layinta don ta yi bayani, ta ba da haƙuri, ta kuma sanar da rashin da aka yi. Ta tarar an riga an yi zaman makoki, amma na akwati. An yanko muryarta tana ihun nan, an mai da ita abin wasa, ana ta turawa wasu ƙungiyoyi. An yi sitika da hoton Alheri, an rubuta YA MUTU a ƙasa. Oga ya yi dogon jawabi a kan cewa yaƙi yana son mai Hausa tsantsa, kuma a cikin jawabin nan sau biyu ya ce "ƙungiyarmu ya sha kunya". Jumare ya tura hoton dariya. Mu'minat, sanye da rigar sallar nan a hotonta, ba ta ce komai ba, kuma shirun nan ya fi sauran ciwo. A ƙasan duka an rubuta cewa an cire Tabita, an sa wata Shamsiyya mai sabuwar waya. Ba wanda ya tambayi wa ya mutu.

Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. To ga Alheri can a ƙasa, mu dai ba mu ga wanda ya sunkuya ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja mai karyayyen wuya, wadda sai an karkata ta take aiki. Ta bar abin kunne da ya kurmance ta gefen hagu saboda ihun Oga. Ta bar layi maraya, yana kwance a cikin gwangwanin allura. Ta bar robar da ta riƙe ta har ranar ƙarshe, wadda ta fi wasu mutane amana. Ta bar Alheri a tsaye kan dutse cikin kogo, da jakar magani cike, ba mai kira. Ta kuma bar Tabita, wadda har yanzu in la'asar ta yi sai ta tsayar da keke ta kai hannu aljihu, sannan ta tuna. Haushinsu take ji, ba ƙarya. Kewarsu ma take ji, kuma wannan ya fi ba ta haushi.

Iyalan mamaciya suna godiya ga Rhoda da ta ba da aron waya ba ta yi dariya ba, da Ɗanmalam da ya rufe wa gawa ido, ya cire batir don kada ta yi aman wuta a kabari. Ya nemi a bar masa sifika ya sa wa wata mara lafiya, an ce a'a. Abin da sifikar nan ta ji ya ishe ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, lokacin da aka saba haɗuwa, a gindin mangwaron da ke bayan shago. An zaɓi ranar ne don kasuwa ta lafa wa mai kayan babur, ba karatu a kwaleji, kuma akwai motar Bobi. Ba a buƙatar gudummawa, ba a buƙatar jawabi. Za a shimfiɗa tabarma, za a dama kunu, an kuma ware kujeru uku a gaba.

An naɗe mamaciya da ragowar yadin rigar salla, an sa ta a kwalin sabulu. A kan kwalin Tabita ta rubuta da allin tela, da hannunta, da Hausarta: YA MUTU. Ta san ba daidai ba ne, duk duniya ta gaya mata. Ba za ta goge ba. Ta ajiye allin a gefen kwalin. Duk wanda kuskuren ya dame shi, ya tako da ƙafarsa ya zo ya gyara.