Rumbun da Ya Yi Bonde

A kauce hanya, a gyara zama! Ga Ɗan Azumi ɗan Indo, Injiniyan Injiniyoyi, Magajin Waya, Sarkin Sharar Damagaram da kewaye. Gwani ne da in ya taɓa ordinatar, wato kwamfuta, sai ta yi atishawa. Sau uku ya zauna jarrabawar burebe, sau ukun nan jarrabawar ta kasa gane shi. Da ya ga lakwal, makarantar boko, ba ta san darajar mutane ba, sai ya yi mata saki uku, ya koma karatu a wayar salula, inda babu mushe, malamin aji, balle bulala.

Na san shi ciki da bai, don ni nake saka masa wando kowace safiya, kuma da bakina yake cin tuwo. In kun ji ina ce masa "shi", kunya ce, ba girmamawa ba.

Wani furoje ne mai raba wa manoma irin gero ya ɗauke shi aiki a Zinder. Aikin da aka ɗauke shi shi ne ya kashe rezo, wato intanet, ya kunna in ya yi gardama. Amma mai girma ba ya zama ƙarami don an ba shi ƙaramar kujera. Ya sayi tabarau wanda ba na magani ba. Ya rataya kile uku, ƴan ma'ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, a wuya kamar layu, biyu daga ciki ba sa aiki.

Injiniyar gaskiya a biron nan ita ce Madam Raudatu, mace marar yawan magana, wadda in ta ce maka "to" ka yini kana neman fassara. Ita ta haɗa mashin uku, manyan kwamfutoci, a ɗaki mai sanyi, ta ɗora musu wani tsari da ake kira Kubernetes. Ɗan Azumi yana kiransa Kubarnatis, yana jan sin ɗin kamar sunan kakansa ne. Tsarin kamar gidan haya yake. Manhajoji su ne ƴan haya, kowacce a ɗakinta da ake ce wa kwantena, yau a shigo gobe a fita. Kayansu kuwa ba a ɗakin suke ba, suna cikin rumbu a bayan gida, a kan faifai. Ɗan haya zai tashi, rumbunsa na nan tsaye yana cin fili, sai an zo an share shi.

Ranar Laraba aka kira Madam taro a Yamai. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta ta ce, "Ɗan Azumi, faifan ya kusa cika. Na kori kwantenonin gwaji, rumbunansu sun rage. Rubuta mini sunayensu a takarda, in na dawo mu share. Litinin za a raba iri, kada abin ya tsaya. Rubutawa kawai na ce."

Ya ce, "An gama, Madam."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ƙurar motarta ba ta kwanta ba ya haye kujerarta, ya juya sau biyu don ya ji yadda manya suke ji. Sai ya kira taron gaggawa. Mahalarta taron su ne Nafisa sakatariya, wadda dama a wurin take zaune tana cin gyaɗa.

"Nafisa," in ji shi, "ƙasar nan ba ta ci gaba ba saboda masu rubuta suna a takarda. Ni ba magatakarda ba ne. Kafin Madam ta kai Dogon Dutsi, faifan nan zai yi fes kamar tafin jariri."

Nafisa ta ce, "Allah ya taimaki Injiniya," ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Ya buɗe allo. Rumbuna tara suka jeru, kowanne da kalmar Ingilishi a gabansa. To a nan fa gizo ke saƙa. Ingilishin Ɗan Azumi Faransanci ne da ya sha rana, Faransancin nasa kuma kun ji yadda suka rabu da lakwal. Takwas an rubuta musu Released, wato ɗan haya ya tashi ya bar su, su ne sharar da ake nufi. Shi kuwa ya karanta réalisé. Ya ce, "Waɗannan an kammala su, aiki ya yi kyau, ba ruwana da su." Na taran an rubuta masa Bound, wato a ɗaure yake da mai shi, ana cikin aiki da shi. Ɗan Azumi ya gyara tabarau, ya matso da fuska, ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo da hannu a tukunya.

"Bondé! Nafisa, zo ki ga mai laifin. Ya cika maƙil kamar motar Mirriya ranar kasuwa, har da awaki a saman. Shi ya toshe mana faifai."

A cikin wannan rumbun sunayen manoma dubu huɗu da ɗoriya suke, daga Tirmini har Takieta, kowa da ƙauyensu da mudun irin da zai karɓa. Wata biyu ana yawo a kan babur ana tattara su.

Ya ba da umarnin a share. Na'urar, da yake ta fi shi tarbiyya, ta ƙi. Akwai wani ƙulli da aka yi wa kowane rumbu don kada a rushe shi mai shi na ciki. Wani mai hankali da ya tsaya nan ya yi tunani. Shi sai ya ji an taɓa masa sarauta. Ya nemo bidiyo a waya, wani bature yana bayani na minti goma sha biyu. Ya tsallake minti goma na gargaɗi, ya kalli biyun da ake yanke ƙullin. Ya yanke. Rumbun ya ɓace daga allo. Sannan ya kawo maganin da ya gada, ya kashe komai ya kunna, don iska ta shiga.

Ranar nan har shayi ya saya wa maigadi. Ya ce masa, "Baba, yau na yi wa Damagaram aikin da jikoki za su ji labari."

Ba a kai ga jikoki ba. Ranar Juma'a da hantsi sai ga Kawu Garba, ƙanin Indo, ya taso daga Tirmini da abokansa biyu, ya zo ya ga sunansa da idonsa, ya kuma nuna musu ɗan ƴar'uwarsa da ake cewa shi ke riƙe da furoje. Tun daga ƙofa yake cewa, "Ina Injiniyan namu? Ku zo ku ga yaron da nasara ke tsoro."

Nafisa ta rubuta Garba. Allo ya yi fari. Ta rubuta Tirmini. Fari. Ta ɗago kai ta dubi Injiniya, ta ture kwanon gyaɗa gefe, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ɗan Azumi ya shige ɗakin mashin. Ya duba kalmar Bound ɗin nan a ƙamus na waya, abin da ya kamata ya yi tun Laraba. Ido ya raina fata. Amma sarki ba ya gudu a gaban talakawa. Ya fito, ya gyara murya.

"Kawu, ku kwantar da hankali. Tsarin yana cikin mantanans ne. Abu ne na fasaha, ba kowa zai gane ba."

Kawu Garba ya ce, "Ɗan nan, mantanans ɗin nan ba mantuwa ba ce da Faransanci? Ka ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na cinye irina tun bazara don an ce sunana na cikin na'ura. In ruwa ya sauka Litinin, me zan zuba a rami, tabaranka?"

Ɗaya daga abokan nasa ya dubi kilen da ke wuyan Injiniya ya tambaya ko na maganin baki ne.

Asabar da Lahadi Sarkin Shara ya yi su tsakanin tabarma da bayan gida. Ya tambayi kuɗin motar Agadas. Ya tambayi na Kano. Indo ta dama masa kunun tsamiya ta ce ko shawara ce. Duk gajimaren da ya gifta sai ya ji kamar da shi yake. Ya rubuta jawabin kare kai shafi biyu, ya ɗora laifin a kan turawa masu rubuta kalmomi masu kama da juna.

Lahadi da la'asar Madam ta sauka daga mota, ko gida ba ta je ba, don Nafisa ta riga ta buga mata waya. Ta same shi tsaye a bakin ɗakin mashin da takardarsa. Ya fara, "Madam, bisa la'akari da yanayin da fasahar zamani..." Ta wuce shi ta zauna.

Minti goma tana dannawa. Sai ta ce, "Nafisa, rubuta Garba." Garba goma sha bakwai suka fito, na Tirmini na cikinsu, da mudunsa shida.

Ɗan Azumi ya ji jini ya dawo masa har kunne. Ya matso.

Madam ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Sunan rumbun ka goge daga rajista. Hatsin na kan faifai. Na sa ƙa'ida tun farko, ko an goge suna kada a taɓa abin da ke ciki sai mutum ya je da hannunsa. Na mayar da sunan. Takwas ɗin da ya kamata a share suna nan. Faifan yadda na bar shi yake."

Mutum mai kunya da nan ya sulale. Amma namu ya riga ya warke. Ya gyara tabarau, ya ce, "Ai da ma na lura da ƙa'idar, Madam, gwada ƙarfinta na yi. To a rahoton mako, me za a rubuta na yi?"

Ta ce, "Babu. Ko ɓarnar ma ba ka iya ba. Matsa, ka tare mini haske."