Fasinjojin Buzuzu

"Lahiya lau, maigida. Ina takin?"

Haka Atika ta tari jikanta Kamilu a ƙofar ɗakinta a Dandin Mahe. Tun da safe ta aike shi turken shanun maƙwabcinta Mode ya kwaso mata taki don albasarta, sai ga shi da buhu wayam da buzuzu guda a kwalba. Ita ta raine shi tun rasuwar uwarsa, awakinta kaf suka ƙare a karatun ƙwarin da ya yi a jami'a. Jiya maƙwabta suka tsegunta mata ya sami aiki a Abuja, gobe zai tafi, gogan naku kuwa bai ce mata uffan ba. Abin yana cin ta ƙwarai.

"Taki na zuwa, amarya. Dubi cikin wanga buzuzu tukuna. Kin ga 'yan jajayen nan awa ƙumar kaji, sun manne mai?"

"Awaki tara, ƙuma kak koyo? Ba ni takardata, na gaji da aurenga."

"Wa za shi kwashe ki da haƙori biyu? Waɗanga jajayen ba su da hiffike, buzuzun ka tashi da su."

"Jininai suka sha?"

"Hwasinja na kawai."

"Har ina?"

"Har shi kai su ga sabon kashin shanu, sai su sauka."

"Su waiwayo su ce mai sannu?"

"Ƙwaro na hwa, tsohuwa."

"Na sani. Na goyi guda shekara ashirin da ukku. An ce kashin Abuja ya hi namu ɗumi."

Dariyar Kamilu ta ɗauke, ya shiga juya kwalbar a hannu.

"Yau nis so in hwaɗa miki. Taho mu tahi tare, in sa miki haƙoran zinari."

"Buzuzu shi hau bayan ƙuma? Ka taɓa ganin haka ga littahinka?"

"Ban taɓa ba. Kin kada ni."

Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin gabu, wato busasshen ganyen albasa, da daddawa da ta ɗaure masa tun asuba, ta dangwara masa a cinya.

"Ungo, sauka lahiya. Buɗe kwalbar ka saki bawan Allah, shina da sauran turi."

Ta sunkuya ta ɗauki buhun, ta nufi turken Mode.