Innar Takalma

Ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar Asabar na shiga gidan Malama Rabi a Isa, inda mata ke motsa jiki da ɗaga ƙarafa masu gwangwanayen siminti a gefe da gefe. Na karanta komai a kan harkar, har littafin rubutu na riƙo.

Sai na ga takalma warwatse a gindin ƙarafan. Ni da ba na son hargitsi, na kwashe su tsaf, na jera a bakin ƙofa daga babba zuwa ƙarami. Ashe layi ne. Takalminki ke riƙe miki wuri, kuma komai girman damtsenki ba ki tsallake na ƙarama.

"Wa yat taɓa takalman ga?" in ji Anti Hajo, mai ɗaukar buhun gero kamar matashin kai.

Na ɗaga hannu.

"Tunda layi ya ɓace, ke za ki fara." Ta nuna ƙarfenta. Na ja, na sake ja, ko motsi.

Har yau Innar Takalma suke kirana. Jiya na tambayi Anti Hajo yaushe za ni sake gwada babban ƙarfe.

"Ɗiyata, fara da silifas nawa. Sun ɗan fi na sauran nauyi."