Kaka Direba da Fitilar Motar Asibiti

"Lafiya lau, lafiya lau, kar ki cika ni da gaisuwa kamar kin ga sabon miji. Rufe ƙofar nan."

Tsohon da ya faɗi haka Kaka Direba ake ce masa. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana jan babbar mota kafin ciwon gwiwa ya sauko da shi, yanzu wata ƙaramar mota mai ruwan toka yake lallaɓawa cikin gari. Wadda yake yi wa magana kuwa jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, mai gwajin ido a asibitin unguwa. Tun tana rarrafe yake kiranta Amarya, ita kuma Ango take ce masa, kuma ba su taɓa haɗuwa suka rabu salin alin ba. Ɗakin aikinta ƙarami ne: kujera mai hawa da sauka, allon haruffa a bango, sai akwatin gilasai a jere kamar ƙwai a kiret.

"In rufe ƙofa? Takardar saki ka kawo ne, ba ka so a ji guɗata?"

"In na sake ki wa zai kwasa? Taimakonki nake yi. Baƙin gilashi na zo ki ba ni."

"Waƙa za ka fara da tsufanka?"

"Na tuƙin dare nake so. Kuma kar ubanki ya ji. Kin san shi, da ya ji sai ya tara 'yan'uwansa a yi taro a kaina."

Amarya ta ajiye biro ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Baƙin gilashi da dare. Ango, in ka gaji da mu ne ka faɗa mana kawai."

"Ke me kika sani a mota? A zamaninmu fitila tana da kunya. Ja-ja take, kamar ruwan shayi, ta haska maka hanya ta bar maka idonka. In ka ƙifta wa na gabanka sai ya sauke tasa, har ya ɗaga maka hannu. Yanzu fa? Fara ƙal, kamar an ɗora mai walda a kan bonet. Ka ƙifta wa yaro, ya ƙara maka wasu biyu daga sama."

"Wato laifin fitila ne."

"Na wa kike so ya zama? Ba ma kamar motocinku na asibiti. Wane ne ya ce sai an haɗa shuɗi da ja ana wulwula wa mutane a fuska? Jiniya ba ta isa ba? Jiya ma da na fito daga duba abokina makaniki bayan isha'i, wata ta taso ni a baya wajen gyaran hanyar nan, inda aka matse titi da ganguna. Da wani ne da ya afka rami."

"Kai kuma fa?"

"Ni? Na duba madubi, na ba da sigina, na gangara gefe a hankali kamar ana shafa mai. Direban har da sara mini da ya zo wucewa."

"Ya sara maka."

"Da hannu biyu."

"To wa ya riƙe masa sitiyari?"

"Ke dai ba a yi miki labari."

"A'a, ci gaba, ina jin daɗi. Domin ni ma da safe an ba ni wani labari a ɗakin shan shayi. Direban motar asibitinmu ne ya bayar, har wata nas ta ƙware don dariya."

Kaka Direba ya gyara zaman hularsa.

"Direbobin yanzu ai sai surutu."

"Ya ce wajen gyaran hanya ya tarar da wata mota mai ruwan toka, an ɗaure mata madubin gefe da igiyar shanya."

"Motoci masu ruwan toka sun fi dubu a garin nan."

"Ta tsaya cak a tsakiyar titi. Ba dama, ba hagu. Mai ita ya zuro hannu ta taga yana yi masa alama, wuce, wuce."

"Mutumin kirki ke nan. Ya ba da hanya."

"Ta ina zai wuce? Ta sama? Ya ce da ya sauko ya leƙa, sai ya ga tsoho ya rufe ido da hula, ya kunna abin share gilashi yana ta fal-fal-fal, alhali ko ɗigon ruwa babu."

"Wataƙila ƙura ce."

"Da ya ƙwanƙwasa masa, sai tsohon ya ce, ranka ya daɗe, takarduna suna gida."

"Duk mai hankali in ya ga shuɗi da ja ai 'yan sanda zai zata!"

"Au, ka san abin da ya zata?"

"Misali nake yi."

"Ya ce ɗaukarsa ya yi cak kamar buhun auduga, ya aje shi a kujerar gefe, ya matsar da motar da kansa."

"Ƙarya ne! Da ƙafata na matsa!"

Ya yi saurin dafe bakinsa. Sai Amarya ta kifa kai a kan tebur tana dariya har kafaɗunta na rawa. Tsohon ya harare ta, ko kuma dai ya harari inda yake zaton take.

"Wannan yaron ba shi da tarbiyya. Na ce masa ya rufa mini asiri, har addu'a na yi masa."

"Bai faɗi suna ba. Igiyar shanyar ce ta tona ka, ta gidanmu ce, mama tana ta nemanta. Hau kujera."

"Ni ba gwaji na zo ba."

"Hau, ko in ɗauke ka kamar buhun auduga."

Ya hau yana gunaguni. Ta rufe masa ido ɗaya da wani ɗan faifai, ta ce ya karanta abin da ke bango.

"Wannan ai ko jariri ya karanta. Na sama babban baƙi ne mai ƙafa uku."

"Ango, wannan agogo ne. Allon yana hagunka."

"To me ya sa kuke rataye abubuwa barkatai? Asibiti ne ko kanti?"

Ta juya masa kai da hannu. Ya karanta layin farko daidai, ya yi na biyu da ƙyar, a na uku ya ce wanda ya rubuta allon ba shi da hannu mai kyau.

"Inji ne ya buga."

"To injin ya tsufa."

"Akwai dai wanda ya tsufa a ɗakin nan."

"Idon nan da kike rainawa, da shi na hango kakarki daga kan babbar mota, tana tsallaken kasuwa, ana ruwa."

"Ita ma ta ce da ta gan ka da kyau da ba ta tsaya ba."

Ta ɗauko 'yar fitilar aikinta ta matso kusa da fuskarsa. Tana kunnawa ya zabura ya kama hannun kujera, ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa da ƙarfi.

"Burki ka taka?"

"Kashe wannan abu! Ku duk gidan nan da haske kuke yaƙi?"

Ta duba na dama, ta duba na hagu, ta daɗe a na hagun. Da ta kashe fitilar ba ta yi dariya ba.

"Yanar ido ce, Ango. Duka biyun, ta hagu ta fi kauri."

"Yana a ina? Ina ganinki sarai, ga ki nan baƙa mai gajeren wuya."

"Da rana kana gani. In gilashin gaban mota ya yi maiƙo, da rana ya kake tuƙi?"

"A lallaɓa a haka."

"Da dare fa, in fitila ta doke shi?"

Tsohon ya gyaɗa kai. Wannan yaren ya san shi.

"Sai hasken ya baje," ya ce a hankali. "Ka rasa titi, ka rasa gefe."

"To naka gilashin ne ya yi maiƙo, daga ciki. In na ƙara maka baƙi a kai, fitilar za ta ragu, amma mai tafiya a ƙasa da mai keke za su ɓace maka gaba ɗaya."

Tsohon ya sauke hularsa ya ɗora a gwiwa, yana murza bakinta da yatsa.

"Yaron nan ya faɗi minti nawa na tsare shi?"

"Kamar huɗu."

"Wa ke ciki? Na ji ana kuka a baya. Wallahi jiya ban runtsa ba. Shekara arba'in ban taɓa tare wa marar lafiya hanya ba."

"Mai naƙuda ce."

"Inna lillahi."

"Ta sauka lafiya, ana shigar da ita. Mace ta haifa, ƙatuwa, tana can sama tana tsala ihu."

Ya sauke numfashi mai tsawo, ya shafa fuska da tafin hannu biyu. Sai kuma ya mayar da hular kansa, a karkace kamar kullum.

"To ai ni na taimaka. Da ban tsare su ba, da sun iso da wuri an yi ta jira."

"Sai a ba ka lambar yabo. Ranar Laraba likita yana aikin ido, zan sa sunanka."

"A yanka mini ido? Ina raye?"

"Minti ashirin ne, kana farke, ba za ka ji komai ba. Tsofaffin da suka fi ka lalacewa an yi musu, sun koma gida suna zura zare a allura."

"Akwai wanda ya fi ni lalacewa? Kin fara yabona ke nan."

"Kafin nan kuma, rana na faɗuwa, kai da sitiyari sai kallo."

"Masallaci fa?"

"Taku talatin ne daga ƙofarka."

"Abokina makaniki fa?"

"Ni zan kai ka in na tashi aiki."

"Ke? Da kike riƙe sitiyari kamar za ki yi tankaɗe?"

"Ni dai ban taɓa share gilashi da rani ba."

Ya buɗe baki zai rama, sai dariya ta ƙwace masa, irin mai haɗe da tari. Ya laluba aljihu ya ciro makullin motar, ya riƙe shi a sama kafin ya sakar mata a tafin hannu.

"Ungo. Ba ta tashi sai kin daki gaban sau biyu kin yi mata magana mai daɗi. Amma ki sani, Amarya, ranar da aka wanke mini idon nan na ga fuskarki da kyau, auren nan ya mutu."

"Kar ka damu, Ango. Madubi za a fara miƙo maka. In ka tsira daga wannan, sai mu yi maganar tawa fuskar."