Rasuwar Jan Hali, Motar Albasar Gidan Takawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyar da kai ba, Mamman direba da ƙungiyar manoman albasa ta Gidan Takawa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Tabotaki, Buza, Keita da Madawa rasuwar babbar motarsu, Jan Hali. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar hawan dutsen bayan gari, da kayanta a bisa.

Wanda bai san Gidan Takawa ba, gari ne a cikin kwari. Allah ya ba mutanensa fadama mai albasa, bai ba su hanya ba. Tsakaninsu da godoro, wato titin kwalta, akwai korama mai yashi, sannan hawa mai duwatsu. Kafin zuwan marigayiya, dillalai ke saukowa su sayi albasa yadda suka ga dama, don sun san da zarar ruwan farko ya cika korama, abin da ya rage a rudu, rumbun ajiyar albasa, ruɓewa zai yi. Jan Hali ce ta raba garin da wannan wulaƙanci.

Ba ta da gudu, kuma ba ta taɓa cewa tana da shi ba. Amma a loda mata buhuna har su wuce katakon gefe, a ɗora mata masu zuwa asibiti da awakin mutane, sai ta yi gyaran murya, gur, gur, gur, ta tsaga yashi ta kama dutse kamar tsohuwa mai dawowa daga rijiya. Mamman bai taɓa taka ta da ƙarfi ba. Yatsan ƙafarsa kawai yake ɗorawa, ita ta san sauran.

A tashar Madawa direbobin godoro sun sa mata suna Kunkuru. Sukan ce wanda ya shige ta da jariri zai sauka da saurayi. Mamman ya shekara yana haɗiye wannan da ruwan shayi. Waɗansu 'yan ƙungiya ne abin ya dama, musamman Mutari, wanda ya dawo daga ci-rani ya ga manyan motoci suna tashi kamar iska. Aka yi taro a gindin gawo, masu son gudu suka fi yawa, aka yanke a sauya mata arbarakam.

Don amfanin waɗanda ba su taɓa leƙa cikin inji ba: arbarakam sandar ƙarfe ce mai tozo-tozo, ita ke buɗe ƙofofin numfashin inji tana rufewa. Wadda aka haifi marigayiya da ita tozonta gajeru ne, tana rufe ƙofa da wuri, don haka ko inji na juyawa a hankali iskar da ya shaƙa ba ta kuɓuce masa, sai ya tura da dukkan ƙarfinsa. Sabuwar kuwa tozonta manya ne, tana barin ƙofa a buɗe ta daɗe. Wannan yana da kyau ga inji mai juyawa da sauri a miƙaƙƙiyar hanya. A gindin dutse kuwa, kamar a ce wa mutum ya ɗauki buhu yana hamma ne.

Daga ranar da ta fito garaji muryarta ta sauya. A godoro ta wuce motoci biyu, Mutari ya leƙo ta taga yana ɗaga musu hula. A korama kuwa sai tari, tuf, tuf, tuf. Mamman ya koma yi mata abin da bai taɓa yi ba, yana taka ta tana kuka, ambiriyaji, wato kuloci, yana ƙauri. Ta jure haka duk tsawon rani. Ranar Talata ta kai rabin hawa, ta yi ƙara ɗaya, inji ya tsage. Mamman ya sa mata dutse a bayan ƙafa don kada ta gangara, ya zauna a inuwarta har azahar.

Ta bar Mamman, wanda ya ƙi abinci. Ta bar Saude mai ƙosai, wadda ƙarar marigayiya ce ke gaya mata lokacin ɗora kasko. Ta bar Mutari, wanda aka yafe wa, a daina yi masa gori. Ta kuma bar albasar bana, fiye da rabi tana rudu, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

An ga dillalai biyu jiya a bakin korama suna tambayar lafiyar gari. An gode da gaisuwarsu. Albasar ba ta sayarwa ba ce a kwari, bana ko baɗi.

Za a yi zaman makoki ranar Alhamis bayan sallar asuba, a inda ta faɗi. Ba za a sayar da gawarta ga masu awon ƙarfe ba; a nan za ta zauna, masu hawa su huta a inuwarta. Ba a bukatar goro ko dabino. Duk mai zuwa gaisuwa ya zo da jakinsa, ko amalankensa, ko raƙuminsa, wanda ba shi da ko ɗaya ya zo da gammo. Za a fara da buhunan da ke bayanta, a haura da su godoro, daga nan a sauka rudu. Mamman ne zai ɗauki na farko.